Kafin Mu Ƙarasa Sayar Da Baburan Iyayenmu A Kan Sikeli



Duk wanda yake zaune a Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos, Ali Kazaure ko Bukuru ya saba da yaran nan masu tura baro suna kiran a kawo gwangwan. Ba ni da wata matsala da su, halaliyarsu suke nema, kuma sun rage mana tarkace a lunguna. Damuwata tana kan mu da muke miƙa musu kaya. A 'yan shekarun nan abin da ke shiga baron ya wuce ruɓaɓɓen kwano da mataccen risho. Na ga tankin Roadmaster, na ga bodin Vespa sukutum, na ga injin Benly mai fistin biyu an jefa shi tsakanin tsofaffin tukwane. A ɗora a sikeli, a ƙirga maka kuɗin kilo, shi ke nan. Daga can tirela ta kwashe zuwa kamfanonin narka ƙarfe, ya dawo mana a matsayin rodin gini. Mashin ɗin da wani dattijo ya yi shekara 3 ana cire masa kuɗinsa a albashi, ɗansa ya sayar da shi kuɗin da ba zai kai ƙarshen mako ba.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne: ya kamata mu daina, kuma ya kamata ƙungiya irin tamu ta sa baki. Na san wasu za su ce sakatare ya rasa abin rubutawa, ana fama da tsadar masara shi yana maganar tsohon ƙarfe. Zan zo kan wannan, domin magana ce mai nauyi kuma ba zan wuce ta ba. Amma bari mu fara tuna yadda waɗannan mashinan suka shigo gidajenmu.

Jos garin ma'aikata ne tun asali. Kuza ce ta tara mutane, ta jawo layin dogo daga Zariya a 1914, ta kawo kamfanoni irin su ATMN a Bukuru da NESCO mai ba da wuta daga Kurra. Inda akwai albashin wata kuwa, akwai bashin sayen abin hawa. Da farko keken Raleigh ne burin ma'aikaci. Da aka biya ariyas ɗin Udoji a farkon 1975, kuɗi ya shiga hannun malamin makaranta da akawu da malamin asibiti a dunƙule, sai gari ya cika da mashina. Kamfanoni ma suka ga kasuwa: Honda ta kafa wurin harhaɗa mashinanta a Ota ta jihar Ogun a 1979, Boulos na harhaɗa Suzuki a Legas, John Holt na riƙe da Yamaha. A lokacin mashin ɗin mutum yana faɗa maka ko shi wane ne. Vespa ta malamai ce da 'yan kasuwa masu babbar riga, saboda babu tanki a tsakanin ƙafafu, mutum zai tattara rigarsa ya zauna da mutuncinsa. Suzuki da ƙaramar Yamaha na matasan ma'aikata ne. Honda Benly, wato CD175, da ƙaninsa CD200 da muka fi sani da Roadmaster, su ne na masu dogon zango: malamin gona da ke zagayen ƙauyuka, sufeton makarantu, ɗan kasuwar da zai ci kasuwar Mangu ya dawo a ranar, ko mai iyali a Bauci, Saminaka ko Kafanchan. Fistin biyu, giya 4, faffaɗar kujera, ga sarƙa a rufe cikin gidanta don kada ƙura da taɓo su cinye ta. Wanda ya taɓa jin ƙarar Roadmaster mai lafiya da asuba ba zai haɗa ta da ta kowane mashin ba.

Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabon mashin ɗan Japan ya fi ƙarfin albashi. Mutane suka koma lallaɓa na hannunsu, kuma a wannan lokacin ne kanikawanmu suka gwanance, don dole. Daga baya Jincheng da 'yan uwansa na China suka shigo da araha, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya mamaye harkar achaba. Ba na raina waɗannan mashinan, sun ciyar da dubban gidaje. Amma sun sauya sana'ar kanikanci ta hanyar da ba mu lura ba. Tsohon bakanike yana gyara abu ne: ya goge kwantak da takarda mai kaushi ya saita tazararsa, ya wasa bawul har ya zauna daram, ya yanka gasket da hannunsa, ya kai koyil a sake naɗa masa waya. Yaron da ya koyi aiki a zamanin kayan China canzawa ya iya. Kafireta ta yi gardama, a sayo sabuwa. Ba laifinsa ba ne, sabuwar ta fi ladan gyaran araha. Sakamakon dai shi ne, dattawan da za su saurari injin mai fistin biyu su gaya maka ciwonsa kafin su ɗauki sifana sun ragu ƙwarai a Dilimi da Farin Gada, kuma da yawansu ido ya fara rauni.

Akwai kuma abin da mu mutanen Jos muka sani. Rikicin Satumbar 2001, gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002, rikicin Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 sun ci gidaje da shaguna da gareji. Hotunan iyaye, takardun makaranta, rasit, duk sun tafi a wasu gidajen. Mashin ɗin da ya tsallake duk wannan yana jingine a zaure, a wani gidan shi kaɗai ne abin da ya rage wanda hannun mahaifi ya taɓa. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, an ajiye tsofaffin kawunan jirgin ƙaramin layin dogon nan da aka rufe a 1957, ana kai 'yan makaranta su gani. Wato an san darajar abin hawan kamfanin kuza. Na malamin firamaren da ya koyar da rabin unguwa kuwa, mu da kanmu muke kai shi sikeli.

Yanzu ga masu cewa ana fama da abinci. Gaskiyarku ne, kuma ba zan yaudari kowa ba. Tayar da tsohon Roadmaster yadda ya kamata yana iya cin kuɗin da ya kai na sabon mashin, wani lokaci ya wuce. Bayan an tayar da shi kuma, injin da ya kusa 200cc mai fistin biyu ya fi Boxer mai 100cc shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san lita ba abin wasa ba ce. Saboda haka magidancin da ke neman abin zuwa aiki, kada ya ɗauki kuɗin makarantar yara ya zuba a tsohon mashin saboda ya karanta rubutuna. Abin da nake roƙo a wajensa ƙarami ne: kada ya sayar a kan kilo. Mashin ɗin da nauyinsa bai wuce kilo 100 da 'yan kai ba, a wajen mai gwangwan ƙarfe ne kawai. A wajen mai neman gyara kuwa, tanki mai lafiya, murfin gefe, agogon gudu, tambarin da ke jikin tanki, madigadi na asali, kowanne da kuɗinsa, domin an daina ƙera su. Ko yunwa ce ta sa za a sayar, to a sayar wa wanda ya san abin da yake saye. Talaka ne ya fi kowa asara idan ya kai sikeli.

Masu neman kuwa suna nan. A Kano da Kaduna akwai masu Vespa da ke riƙe da nasu kamar ƙwai, suna fita hawa tare. A Pakistan da Sri Lanka har yau ana tayar da CD175 da CD200, Indonesiya kuma cike take da masoya Vespa, shi ya sa ake ci gaba da ƙera wasu kayan gyaransu a Tailan da Indiya. Kamfanin Bajaj da ya cika mana gari da Keke Napep, da lasisin Piaggio mai Vespa ya fara ƙera sikuta. Honda da kanta tana da gidan ajiye tsofaffin mashinanta a Motegi ta Japan. Mutanen da suka ƙera abin ba su ɗauke shi shara ba.

Sannan a duba hannu nawa mashin ɗaya yake ciyarwa kafin ya tashi. Bakanike zai buɗe injin. Mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi wa silinda bori ya dace da sabon fistin. Mai walda zai like inda ya tsage. Mai gyaran bodi zai fitar da lotsawar tanki, mai fenti ya bi baya. Mai wayarin zai sake jan wayoyi, mai ɗinkin kujera ya sake soso da fata, mai ɗaurin ƙafa ya ja wayoyin gargare har ya daina rawa, mai faci ya sa taya. Duk waɗannan muna da su a garin nan. Tun da aka kafa dokar hana achaba a Jos da Bukuru a 2010, zamanin gwamna Jonah Jang, kuma gwamnatocin da suka biyo baya suka yi ta sabunta ta, aikin kanikawan mashin ya ragu, matasa da yawa da suka san mashin ciki da waje suna zaune a dakali. Ba na cewa gyaran tsofaffin mashina zai ɗauke su duka, ƙaramar kasuwa ce. Amma yaron da ya iya tayar da injin da ya yi shekara 20 a kwance, janareta da injin ban ruwa da injin markaɗe ba za su gagare shi ba, kuma manoman rani daga Farin Gada har Barikin Ladi kullum neman mai gyaran injin ban ruwa suke yi.

Ga wanda Allah ya hore masa kuma ya yi niyya, akwai kurakuran da ake ta maimaitawa. Na farko shi ne gaggawar jin ƙara. A fito da mashin daga zaure, a zuba fetur, wani ƙato ya hau kik da dukkan ƙarfinsa. Idan fistin ya kama da tsatsa, a nan take ake karya ringi ko a kankare silinda, aikin da zai ci kaɗan ya koma babba. Abin da masu sani ke yi shi ne su cire filogi, su zuba ɗan baƙin mai ko gas a ramin, su bar shi kwanaki, sannan su riƙa juya injin a hankali da hannu har ya saki. Kafin a tayar, a zubar da tsohon baƙin mai. CD175 yana da wata matatar mai a cikin injin wadda ke juyawa tana tara dauɗa a jikinta, kuma yawancin waɗanda ke kwance ba a taɓa buɗe ta ba tun da aka saye su. Idan ta toshe, mai ba ya isa kan injin da kyau, kan injin kuwa shi ne abin da ya fi wuyar samu.

Na biyu shi ne tanki. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga raɓa ga sanyi, don haka tankin da aka bari babu mai a ciki sai ya yi tsatsa. Ko ka sa sabuwar kafireta, garin tsatsar nan zai toshe ta cikin kwana 2, ka dawo kana zagin bakanike. Ana zuba ƙananan noti da kananzir a ciki a yi ta girgizawa, a wanke, a maimaita har ruwan ya fito fes, sannan a sa ƙaramar matata a tiyon mai. Na uku, kuma wanda ya fi ba ni haushi, shi ne a fara da fenti. Mutum zai kashe rabin kuɗinsa mashin na ƙyalli kamar amarya, amma tayar da ke ƙasa ta zamanin Shagari ce. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, robar ta bushe ta daina kama kwalta. A gefen tayoyin yanzu akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, a duba kafin a biya. Haka takalmin birki: idan ya daɗe, fatarsa tana iya ɓallewa daga ƙarfen ta cije ƙafa ana cikin tafiya. Waɗannan mashinan birkin ganga ne da su gaba da baya. Wanda zai gangara Hawan Kibo da irinsa, ya san da giya ake sauka, idan ya dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa tun bai kai Assop ba. Taya, birki, wayar birki da ta kuloci, su ne farko. Fenti ya jira.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai: Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarmu ta fi ta Bauci ko Lafiya sauƙi. Mashin mai kafireta da aka saita a ƙasa, idan ya hawo nan fetur yana yi masa yawa a kan iska, filogi ya yi baƙi, ya riƙa shan mai yana kasala a hawa. Wanda aka saita a nan aka rage masa mai sosai, idan ya sauka ƙasa a lokacin zafi sai injin ya ɗau zafi fiye da ƙima. Tsofaffin kanikawanmu sun san wannan ba tare da an koya musu a aji ba, launin filogi suke dubawa su saita. Ga masu Vespa kuma, yawancin tsofaffin da ba su da tankin mai na daban, ma'auninsu kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 na man injin mai bugu biyu a kowace lita ta fetur. Zuba mai da ido, ko zuba baƙin man mota, shi ne ya kashe Vespa da yawa a garin nan.

Sai maganar kwalliya, inda na san ni da wasu ƙannenmu za mu saɓa. A TikTok da Instagram suna ganin Turawa da 'yan Asiya suna ɗaukar tsohon mashin su yanke bayan firam, su cire madigadi, su sa siririyar kujera, su sunkuyar da kai, su kira shi kafe resa. Wasu sun yi kyau, ban musa ba. Amma mutanen nan suna yanka ne a ƙasashen da irin mashin ɗin ke da dubbai a ajiye. Mu 'yan kaɗan suka rage mana. Idan aka sa zarto a firam ɗin Roadmaster, ba ya dawowa, kuma waldar da aka yi a gefen titi a wurin da ke ɗauke da nauyin mutum biyu ba abin amincewa ba ce. Duk mai sha'awar yanka da ƙirƙira, ga gawar Jincheng nan birjik a kowane gareji, ya saya ya nuna basirarsa, ni ma zan zo kallo. Ƙa'idar da nake ganin ta dace da tsohon mashin ita ce: duk abin da za a iya kwancewa da sifana a mayar da na asali, a yi. Kariya ta ɗaura kaya, akwatunan gefe, gilashin tare iska don sanyin hunturu, ƙarfen kare ƙafa, rigar kujera ta fata mai tuntaye irin ta dukawanmu, duk babu laifi. Iyayenmu ma sun yi. Abin da aka cire kuma a naɗe a ajiye, kada a yar.

Ba na cikin masu cewa dole komai ya zauna yadda ya fito daga kamfani. CD175 da batir mai bolt 6 ya zo, fitilarsa da dare kamar aci-balbal take, kuma samun batir da ƙwan fitilar irinsa ya zama aiki. Wanda ya mayar da shi bolt 12, ko ya cire kwantak ya sa na'urar CDI don ya huta da saiti, bai ɓata komai ba, tunda gyara ne na ciki da ke ƙara lafiyar tafiya. Amma fasa salansa, wannan kam ba kwalliya ba ce. Unguwanninmu a cunkushe suke, akwai jarirai da marasa lafiya, kuma gari ne da ƙara mai kama da harbi take sa mata su fara neman yaransu. Haka wasan mashin a wajen ɗaurin aure, ɗaga ƙafar gaba da jan birki a tsakiyar jama'a. Mun yi jana'izar yara saboda wannan, mun kai wasu asibiti da karaya. Idan harkar tsofaffin mashina za ta zama wata ƙofar wannan hauka, gara a bar su a zaure. Hular kwano kuma ba ta rage wa kowa girma, ko a kan Vespa ne da babbar riga.

Takardu ma abin kula ne. Dokar da ake da ita a kan haya take magana, amma mun sani idan gari ya ɗau zafi akan fitar da umarnin da ya shafi kowane mashin, don haka a riƙa bin sanarwa kafin a fita. Lambar abin hawa na kai shuɗin rubutu gare ta, ta haya ja. Wanda ya tayar da mashin ya je ya yi masa rajista da sunansa, ya sabunta takardu, ya mallaki lasisin tuƙi. Kafin a sayi tsohon mashin ko injinsa, a duba lambar firam da ta injin, idan an ga alamar an kankare ko an sake bugawa a bar shi komai arharsa. A rubuta takardar ciniki da shaidu. Kayan gyara kuwa, bayan Dilimi akan dace a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, sababbi kuma daga Nnewi suke zuwa, sai dai a tafi da tsohon a hannu a gwada, domin mai kama da shi ya fi na ainihin yawa.

Inda abin ya fi shafar ƙungiya shi ne gado. Sau da yawa idan aka zo rabo, ana lissafa gida da fili da kuɗin banki, mashin ɗin da ke zaure ba a ko ambatonsa, wai ai ya mutu. Bayan wata 2 sai wani daga cikin samarin gidan ya kira mai baro, ya sa kuɗin a aljihu. Ko kuma wani ya ɗauka ya gyara, ya yi kyau, sai rigima ta tashi, 'yan uwa mata su ce ai da haƙƙinsu a ciki, kuma gaskiyarsu ne. Irin wannan ƙorafin ya taɓa zuwa gaban dattawanmu, kuma abin da ya ba da wahala shi ne babu wanda ya san kuɗin mashin ɗin kafin a gyara shi. Da tun farko an kira tsohon bakanike ya yi masa kuɗi a gaban magada, wanda yake so ya karɓa a cikin kasonsa, da ba a kai ga ɓacin rai ba.

Abin da nake ba shugabanninmu shawara bai fi ƙarfinmu ba. A buɗe littafi, duk mai tsohon mashin a gida ya ba da hotonsa da lambar firam da ta injin da sunan mai shi na farko da aikin da ya yi. Littafin zai taimaka idan an yi sata, zai haɗa mai sayarwa da mai saye a cikinmu, kuma zai zama tarihin unguwa da ba mu da irinsa. A nemi dattawan kanikawa 2 ko 3 da jama'a suka yarda da su su riƙa yi wa mashin kuɗi idan ana rabon gado. Sannan a ɗauki yara kaɗan, ko 4 ne, a haɗa su da waɗannan dattawan na shekara guda, masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin kuɗin motarsu da abincin rana. Akwai masu ganin ƙungiya ta sayi mashin ɗaya ta gyara ya zama nata. Ni ban goyi bayan wannan ba. Ni ke rubuta abin da ke shiga da fita, kuma kuɗin da mambobi ke tarawa na marayu ne da marasa lafiya. Wannan aikin ya tsaya a kan gudummawar masu sha'awa.

Idan abin ya kankama, ana iya ware yini ɗaya bayan Sallah, a nemi izinin hukuma da filin wata makaranta, kowa ya kawo nasa ko da turowa ne, a jera, dattawa su zauna kusa da mashinansu yara su yi musu tambaya. Kuma ina ganin kada mu tsaya a kanmu. Tsofaffin ma'aikata 'yan Birom da Angas da Afizere suna da irin waɗannan mashinan a gidajensu a Tudun Wada da Kabong da Du, masu sayar da kayan gyara da yawa Inyamurai ne, kuma kafin gari ya rabu gareji ɗaya iyayenmu suke kai gyara, benci ɗaya suke zama su jira. Mutum biyu da suka tsuguna a kan kafireta ɗaya suna da abin tattaunawa na awa guda ba tare da an taɓo siyasa ba. Wurare irin wannan sun yi mana ƙaranci a Jos.

Kafin a kai ga duk wannan, wanda yake da mashin a kwance kuma ba shi da kuɗin taɓa shi yanzu, akwai abin da zai yi a yau ba tare da ya kashe komai ba. Ya janye shi daga inda rufi ke yoyo. Ya ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya ko a kan katako don tayoyin su bar ƙasa. Ya cire batir ya zubar da ruɓaɓɓen fetur ɗin da ke tanki da kafireta, ya ɗauraye cikin tankin da ɗan baƙin mai. Ya cire filogi ya ɗiga mai cokali guda a kowane rami ya mayar. Ya toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓeraye da zanzaro, ya rufe shi da tsohon zane, ba leda ba, don leda tana tara gumi. Makulli da duk wata takarda da ta rage, ko rasit ne da ya yage, a sa a ambulan a ba uwar gida ta ajiye, a kuma gaya wa yaran gidan cewa ba na sayarwa ba ne. Mai son a sa nasa a littafin da na ambata ya turo hoton ta akwatin saƙon wannan shafi, ya haɗa da unguwar da yake.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Jos.